Tafintan da Ya Rufa wa Yunwa Asiri

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma a makon jiya Kawu ya riga mu. Wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni a Arlit tun ban iya ɗaura zane ba har ranar da ya kai ni ɗakin mijina. Ina Yamai aka kira ni a salula. Kafin motarmu ta kai Agadas an riga an kai shi makwancinsa, sai zaman makoki na tarar.

Ƙofar gida cike da tsofaffin ma'aikatan kamfanin uraniyom, kowa da tarinsa da carbinsa. Na durƙusa ina gaishe su, sai ɗaya daga ciki, wanda suka yi aikin mangaza, wato ɗakin ajiyar kayan kamfani, tare da Kawu, ya ce, "Yau dai za mu sha shayi ba mai tambayarmu ko ya yi daɗi." Aka yi dariya, dariyar ta ƙare da share ido. A cikin gida kuwa maƙwabciyarmu Bakatsina ce ke ba mata labari. Ta ce, "Wannan bawan Allah! Ka ce masa lafiya lau, sai ya gyara tsayuwa ya ce, to ban da lafiya lau ɗin fa? Kana sauri, tukunya na wuta, shi yana jira." Wata ta ce ai shi ya sa yara suka sa masa Malam Anket. Anket, ga wanda bai sani ba, shi ne aikin bi gida gida da takarda ana tambayar mutane ra'ayinsu da halin zamansu.

Matarsa, da muke kira Inna, tana ƙuryar ɗaki cikin takaba. Mata suka yi ta gaya mata yadda aka yi a wurin jana'iza, wai da liman ya roƙi duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa, sahu gaba ɗaya ya amsa "mun yafe". Inna ta yi ta gyaɗa kai tana godiya. Da ɗakin ya rage mutane ta jawo hannuna ta ce, "Duk sun yafe. Ai su bai yi musu komai ba."

Na ce, "Inna, wa ya yi wa?"

Ta ce, "Tsohuwar nan mai tabarmi ta bukkoki. Ba ta ma san ya yi ba. Ya bar wasiyya ki je ki gaya mata, ki roƙar masa gafara. Shi ya kasa, ni kuma kin ga ba ni fita."

Na san tsohuwar. Buzuwa ce, tana zaune a unguwar bukkoki, can bayan gari, inda waɗanda ba su da gidan kamfani suka kafa ɗakunan tabarma da gwangwani. Abin da ban sani ba shi ne me mutum irin Kawu zai iya yi wa wani. Kafin in faɗi abin da Inna ta gaya mini, bari in faɗi wane ne shi, don ba na so a tuna shi da abu ɗaya.

Daga Damagaram ya zo, lokacin da Arlit ke tashe, manyan motocin kamyo na shiga, wasu na fita. Ya ɗan yi lakwal, wato boko, yana jin Faransanci, ya kuma tsinci Buzanci a bakin masu raƙuma tun yana saurayi. Da kasuwar uraniyom ta faɗi aka fara sallamar mutane, yana cikin na farko. Muka tattara kayanmu daga gidan kamfani mai famfo muka koma na haya. Ana cikin haka fari ya sauko, dabbobi suka mutu, mutanen daji suka kwararo gari, bukkoki suka ninka. Sai ga wata Baturiya da wani ma'aikaci daga Yamai sun zo yin anket, don a san inda yunwa ta fi tsanani kafin a raba hatsin taimako. Suna neman tafinta, aka nuna musu Kawu.

Kai, a ga Kawu a kwanakin nan! Ya samo bik, wato biro, ya soka a aljihun gaba, ya riƙa dawowa gida da labari. Shi ya fara ba ni tarihin sana'ar. Ya ce a zamanin kakanninmu, in baƙo ya zo da takarda yana tambayar ku nawa ne a gida, haraji ke tafe, in ya tambayi shanu, jangali ne, shi ya sa ake ɓoye samari a rumbu a kora garke daji. Daga baya aka yi ƙidaya, ita ma dai kai ake lissafawa. "Amma wannan," in ji shi, "ba ku nawa ne ake tambaya ba. Me ka gani, me ke damunka. Tunda nake ban taɓa jin an tambayi talaka haka ba."

Baturiyar ta gaya masa wai a ƙasashensu, kafin zaɓe, akan tambayi mutane kaɗan a gane wanda zai ci. Inna da ke gaban murhu ta ce, "Ashe ɗanɗanon gishiri ne, shi ne har da mota da gilashi?" Kawu ya ji daɗin maganar, ya ce haka ne, amma sai an motsa tukunyar. Wai can ma an taɓa jin kunya, don masu mota da masu tarho kaɗai aka tambaya, sakamako ya fito a karkace. Saboda haka su ba sa zaɓen gida da son rai. A mararraba za su tsaya su juya kwalba a ƙasa, inda bakinta ya nuna can za su bi, su tsallake wasu gidaje su shiga na gaba. Mutanen bukkoki da suka ga Baturiya ta durƙusa tana juya kwalba, sai aka ce duba take yi. Har wata ta biyo su tana so a duba mata inda mijinta ya shiga.

Ya kawo abin har cikin gida. Ya tara mu ya ce yau za a yi anket, wa ke son miyar kuka, wa ke son kuɓewa, a ɗaga hannu. Mu ɗaga, ya ƙirga da gaske, ya je ya kai wa Inna sakamako. Inna ta ce ta ji, ta kaɗa abin da ta ga dama. Sai ya dawo ya ce mana, "Kun ga yadda gwamnati take."

Wannan Kawun na sani. Ga wanda Inna ta gaya mini.

Wata rana kwalba ta kai su bukkar matar nan. Lokacin ba tsohuwa ba ce. Mijinta ya bi ragowar raƙuma bai dawo ba, tana da 'ya'ya, ƙaramar ɗiyarta na kwance a gefe. Da ta ga baƙi sai ta shimfiɗa tabarma, ta hura gawayi, ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan guntun sukari, ta dafa musu shayi. Kawu ya ga tukunyarta a kife, ƙura ta hau bayanta. Ya ga yarinyar. Ba abin da bai gani ba.

Baturiya ta karanta tambaya, ya juya ta: abincin da ke gidan nan, ya ishe ku? Matar ta gyara lulluɓi ta ce, "Sai godiya."

Duk wanda ya sha nonon ƙasar nan ya san abin da "sai godiya" ke nufi. Mai ƙoshi na faɗinta, wanda ya kwana da yunwa ma ita yake faɗi, kuma shi ya fi faɗinta da ƙarfi. Takardar kuwa gidan amsa uku gare ta: ya isa, ya ɗan isa, bai isa ba. Kawu ya ce da Faransanci, tana gode wa Allah. Baturiyar ta ɗaga bik ta ce, wato satisfe, ya ishe ta ke nan? Matar na kallon bakinsa, ma'aikacin Yamai na kallon agogo, maƙwabta sun taru a ƙofar bukka. Daga baya Kawu ya ce wa Inna, a lokacin abin da ya zo masa shi ne, ya za a yi in sha shayin mace in kuma tona mata asiri a gaban baƙi da maƙwabta? Sai ya ce, "Wi," wato e.

Kuma ba ita kaɗai ba. Gida bayan gida ana cewa sai godiya, yana cewa wi. Ba rashin sani ba ne, wallahi da rashin sani ne da ya yi barci. Rufin asiri yake yi musu, irin wanda aka koya mana tun muna goye. Da hatsi ya iso aka fara da wasu unguwanni, ɓangaren su matar nan ya zo ƙarshe. Kafin ya iso, ƙaramar ɗiyarta ta rasu.

Ko takardar ce ta jawo, ko ma ba wanda ya karanta ta, Allah kaɗai Ya sani. Abokinsa na mangaza ya sha gaya masa cewa ajali ne, kuma masu rabon hatsi ba da takarda suke aiki ba, da sanayya suke yi. Kawu ya ce ya ji, amma shi ya san abin da ya gani da abin da ya faɗa. Inna ma sun yi faɗa a kai, har ta ce masa, "Kai ne ka hana ruwa sauka? Kai ka kashe raƙuma?" Ya ɗauki buta ya fita.

Nan Inna ta tsaya. Na tuna shekarar. Shekarar da muka koma cin shinkafa bayan dogon rashi, shekarar da aka ɗinka mini atamfar Sallah har da takalmi, na yi ta yawo ina nuna wa ƙawaye. Aikin anket ɗin nan ne ya ciyar da mu. Na san yarinya ce ni, na san ba ni na ce wi ba, amma tun ranar da na ji labarin nan nauyin bai sauka daga ƙirjina ba. Sai kuma na tuna irin tsiyar da muka riƙa yi masa saboda tabarmi.

Don Kawu bai taɓa wuce mako bai je bukkoki ya dawo da tabarmar kaba a kafaɗa ba. Gida ya cika, ƙarƙashin gado, bisa rumfa, har bayan randa. Mu ce, Kawu, masallaci za ka buɗe? Ya ce saƙar ce ta yi masa kyau. Yakan tafi da ɗan gero a ƙunshe, ya ce na masu kaji ne. Ashe wurinta yake zuwa, ya zauna a ƙofar bukka su gaisa, ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tambayi kuɗin tabarma. Duk mutanen da na tarar a ƙofar gida ranar makoki a kan saƙarta suke zaune.

Tun daga farin nan ne ya kama tambayar mutum sau biyu. Mu muna ce masa naci, ashe ciwo ne.

Ya sake yin anket sau ɗaya, lokacin tawayen Buzaye, sa'ad da mota ba ta zuwa Agadas sai da rakiyar soja. Wani buro, wato ofishi, ya aiko a tambayi mutane yadda suke ganin zaman lafiya da wanda suka amince da shi. Mutane suka riƙa rufe ƙofa, don a lokacin duk mai tambaya ɗan leƙen asiri ne a idonsu. Shef ɗin, wato shugaban aikin, wani matashi, ya ce dole a rubuta sunan mai gida da kwatancen gidan a kan kowace takarda. Kawu ya ce ba zai rubuta ba. Ya ce, "In aka buɗe jakar nan a shingen soja, aka ga Buzu wane ya ce kaza, kai za ka je ka fito da shi?" Shef ya ce in ba suna, ta yaya zai san ba a gindin bishiya aka zauna aka cike takardun ba? Suka ɗaga murya a tsakar titi har mutane suka taru. Kawu ya zare bik daga aljihu ya ajiye a kan mota ya taho gida. Yanzu da nake cikin sana'ar na san shef ɗin ma yana da gaskiyarsa, na ga masu cike takarda a gindin bishiya da idona. Amma Kawu bai sake ba, tebur ya kafa a ƙofar gida yana sayar da ganyen shayi da sukari har ƙarfinsa ya ƙare.

E, ni na gaje shi. A Yamai nake, a wani buro, muna kiran mutane a salula muna tambayarsu ra'ayi. An daina juya kwalba, na'ura ce ke zaɓo lamba. Amma "sai godiya" tana nan daram, kullum sai na ji ta, kuma gidajen amsa ba su ƙaru ba. Duk zuwan da na yi Arlit sai Kawu ya ce, "In sun ce sai godiya, kina jira?" In ce, "Haba Kawu, wa ke da lokacin jira, layi na cin kuɗi." Sai ya ƙara mini shayi. Allah sarki, ban san wuƙa nake caka masa ba.

Bayan sadakar uku na ɗaura lulluɓi na nufi bukkoki da hantsi. A hanya zuciyata ta yi ta raya mini dabara: ki je ki ce Kawu ya rasu, yana neman gafarar kowa, ta ce ta yafe, ki dawo. Me zai sa a ɓata wa tsohuwa mutumin da take gani da daraja? Na tarar da ita a inuwar bukka, idanunta sun yi fari, ƙafa ta ƙi, shi ya sa ba ta zo gaisuwa ba. Hausarta irin tasu ce, mace da namiji duk "kai" ne, duk "shi" ne.

Ta ce, "Kai ne ɗiyan shi na Yamai? Wayyo. Mutum na kirki ya tafi. Ba ya zuwa hannu wofi."

Na ce, "Iya, ya ce a roƙar masa gafararki."

Ba ta ko bari na rufe baki ba ta ce, "Na yafe, na yafe. Allah yafe mu duka."

Ga ta nan, an ba ni. Har na dafa ƙasa zan tashi. Sai na ji kunyar kaina ta rufe ni, don na san wannan amsar, irinta nake karɓa kullum a salula in kashe in kira na gaba. Na koma na zauna. Na ce, "Iya, ba ki tambaye ni me ya yi ba."

Na gaya mata duka. Ranar da Baturiya ta zo, shayin, tambayar, abin da ta ce, abin da shi ya ce. Na gaya mata ya ga tukunyar a kife. Ban rage ba, ban kuma gyara masa ba.

Wata akuya ta zo tana jan kabar da ke gefenta, ba ta kore ta ba. Can ta ce, "Na tuna Baturiya. Sukari na ƙarshe ne na sa."

Ta ƙara da cewa, "Da ya ce masa ni ina yunwa, gaban mutane, wallahi da ban ƙara gaida shi ba har mutuwa." Na ji sanyi ya fara sauko mini. Sai ta ci gaba: "Amma da yarinya ya rayu, ni ina ruwana da gaisuwa?"

Hawaye suka zubo mini. Ita ba ta yi kuka ba, hannunta kawai ke shafa ƙasa. Na ce, "Iya, to yanzu da kika sani, kin yafe masa?"

Ta ce, "Wancan da na faɗi ɗazu, na baki ne. Wannan ban sani ba. Shekaru yana zama nan, ina yi masa addu'a. Yau ka zo ka ba ni wani mutum daban. Ka bar ni in zauna da shi tukuna."

Na yi mata sallama na taho. Ina tafe ina tambayar kaina ko gyara na yi ko ɓarna, na raba tsohuwa da mutumin kirkinta, Kawu kuma ban samo masa komai ba. Ya Allah, Kai da Ka ga abin da ya gani a bukkar nan, Ka kuma ga abin da ya hana shi faɗa, Ka yi masa hukunci da niyyarsa, Ka yalwata masa kabari, Ka sanyaya zuciyar baiwarKa da ya ɓata wa.

Na tarar da Inna a bakin ƙofar ɗaki, iyakar inda takaba ta bar ta ta kai. Mata biyu na zaune suna tsince shinkafar sadaka, suka ɗago suna kallona. Idon Inna ya kumbura, fuskarta duk roƙo.

Ta ce, "Me ta ce?"

Kalma biyu kawai take so, kuma suna bakina, har tsohuwar ta faɗe su da farko, ba za a ce na yi ƙarya ba. Da na faɗa, Inna za ta ci abinci a ranar. Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, ba ta yafe ba tukuna. Ta ce a bar ta ta yi tunani."

Matan suka sunkuyar da kai. Inna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza, na riƙe ta har ta lafa. Da ta buɗe fuska ta ce, "Yaushe hutunki zai ƙare?"

Na ce jibi.

Ta ce, "Ki kira su ki ce ba ki zuwa. Za mu jira ta."